Tseren keke: Yadda ayari ke kai mutum ɗaya ga nasara

A ranar Litinin, 1 ga watan Yulin 2024, bayan tafiyar kilomita 230 daga garin Piacenza, mahaya kekuna suka kwararo cikin birnin Turin na ƙasar Italiya a guje. Zango na uku ke nan na gasar Tour de France, wadda a shekarar aka fara ta daga Italiya kafin a tsallaka Faransa. Saura 'yan mitoci a kai layin ƙarshe, wani matashi ɗan shekara 24 ya kutsa ta jikin shingen da ke gefen titi, ya wuce kowa. Sunansa Biniam Girmay, haifaffen birnin Asmara na ƙasar Eritiriya, kuma shi ne baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya ci zango a wannan gasa tun da aka fara ta a 1903.

Wani abu da masu kallo da yawa ba su sani ba shi ne, a tsarin da ƙungiyarsa ta Intermarché-Wanty ta fito da shi a ranar, ba shi aka shirya ya ci ba. Aikinsa shi ne ya share wa abokin wasansa, Gerben Thijssen, hanya. Da cunkoso ya raba su a ƙarshen tseren ne ya nemi nasa. Kafin a rufe gasar a birnin Nice, ya ƙara cin zango biyu, ya kuma tafi gida da koriyar riga, wadda babu ɗan Afirka da ya taɓa lashe ta kafin shi.

Mai karatu na iya tambaya: ta yaya mutumin da ya fi kowa gudu zai fito da niyyar yi wa wani hidima? Amsar wannan tambaya ita ce mabuɗin fahimtar tseren keke a kan titi. Mutum ɗaya ake kira ya hau dandamali ya karɓi kofi, amma jama'a ce ke kai shi wurin. Wanda ya gane dalilin hakan zai ji daɗin kallon wasan, zai fahimci abin da ya sa Afirka ta daɗe a baya a cikinsa, kuma idan ya sayi keke don motsa jiki zai san yadda zai hau shi lafiya.

Daga wasan attajirai zuwa tallar jarida

Tseren keke ya girmi keken da muka sani a yau. A 1869 aka yi tsere daga Paris zuwa Rouen, tafiyar kilomita 123, wani Bature ɗan Ingila mai suna James Moore ya zo na ɗaya bayan ya shafe sama da awa goma a hanya. Kekunan wancan zamani ba su da sarƙa, fedarsu a jikin ƙafar gaba take, kuma tayoyinsu ba su da iska. Sai a 1885 John Kemp Starley ya fitar da keke mai ƙafafu biyu kusan kai ɗaya, wanda sarƙa ke juya ƙafarsa ta baya. Bayan shekara uku John Boyd Dunlop ya kawo tayar da ake hura wa iska. Waɗannan abubuwa biyu ne suka mayar da keke abin hawan kowa.

A 1900 aka kafa Hukumar Tseren Keke ta Duniya, wato UCI, wadda hedikwatarta ke garin Aigle na ƙasar Suwizalan a yanzu. Manyan gasannin kuwa jaridu ne suka haife su. Jaridar L'Auto ta Faransa, ƙarƙashin editanta Henri Desgrange, ta ƙirƙiro Tour de France a 1903 domin ta ƙara yawan masu sayen ta. Gasar farko zango shida ce, jimillar kilomita 2,428, kuma Maurice Garin ne ya cinye ta. Italiya ta bi sahu da Giro d'Italia a 1909, Sifaniya kuma da Vuelta a España a 1935. Su ukun nan su ne manyan gasannin mako uku na duniya har gobe.

Babban abokin gaba: iska

Duk wanda ya taɓa tuƙa keke yana fuskantar iskar hunturu ya san yadda take tura ƙirji baya. Ko a ranar da gari ya yi tsit, mai gudu a kan keke yana keta iska ne, ita kuma tana tare shi. Masana kimiyya sun nuna cewa idan gudu ya ninka sau biyu, turjiyar iska tana ninkawa sau huɗu, ƙarfin da ake buƙata don a ci gaba da wannan gudu kuma yana ninkawa kusan sau takwas. A kan shimfiɗaɗɗen titi, idan mahayi ya kai kilomita 40 a awa, mafi yawan ƙarfin da yake zubawa a kan feda yana tafiya ne wajen faɗa da iska, kaɗan ne ke tafiya wajen gogayyar taya da kwalta.

Daga nan dabarar wasan ta samo asali. Mahayin da ya manne a bayan wani, tayarsa ta gaba tana dab da ta bayan wancan, yana shiga inuwar iskar da na gaban ya riga ya keta. Ta haka yakan rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar da zai sha da shi kaɗai ne. Idan mahaya suka yi yawa suka dunƙule, ragin yakan fi haka nesa. Wani bincike da Farfesa Bert Blocken ya jagoranta a Jami'ar Eindhoven ta ƙasar Holan a 2018, a kan rukunin mahaya 121, ya gano cewa wanda ke can tsakiya ta wajen baya yana fuskantar kashi 5 zuwa 10 ne kacal cikin 100 na turjiyar da mahayi ɗaya tilo ke fuskanta.

Wannan dunƙulallen rukuni shi Faransawa ke kira peloton. Bahaushe kuwa yana da kalmar da ta dace da shi tun zamanin fatake, wato ayari. Kamar yadda falke ba ya ratsa daji shi kaɗai, haka mahayi ba ya son ya rabu da ayari. Idan ya yanke ya koma baya, iska za ta same shi shi ɗaya, sauran kuma su yi ta nisa suna karɓa-karɓa wajen tare ta.

Kusan kowane zango yana tafiya a kan salo guda. Da an fara, wasu 'yan tsiraru, uku ko biyar ko goma, sukan ɓalle su yi gaba, su jera jerin gwano, kowa ya ja na ɗan lokaci ya koma baya ya huta. Ayari yakan ƙyale su su ba da tazarar mintuna, domin ya san mutum biyar ba za su iya da mutum 150 ba. Idan aka doshi ƙarshe, ƙungiyoyin da ke son cin zangon sai su tura mutanensu gaba su ƙara wuta, a yi ta cin tazarar har a haɗiye waɗanda suka ɓalle, sau da yawa saura 'yan kilomitoci. Wani lokaci kuma lissafin ayari yakan kuskure, na gaban su tsira. Zullumin za a cim musu ko ba za a cim musu ba shi ke riƙe mai kallo awa huɗu ko biyar.

Iskar da ke bugowa daga gefe ta fi kowace haɗari. A nan inuwar ba ta bayan mutum kai-tsaye, tana can gefensa, saboda haka mahaya sukan jeru a karkace daga wannan baki na titi zuwa wancan. Faɗin titi yana da iyaka, wanda bai samu gurbi ba sai ya tsinci kansa a fili. Ƙungiya mai wayo takan jira irin wannan wuri ta taka da ƙarfi, ayari ya tsinke gida uku ko huɗu, a bar wani gwani a baya ya yi asarar mintunan da ba zai sake maido su ba.

Madugu da hadimansa

A Tour de France kowace ƙungiya tana zuwa da mahaya takwas. A cikinsu yawanci mutum ɗaya ne madugu, wanda ake fatan ya ci gasar ko ya ci zanguna. Sauran hadimai ne, kuma kalmar da Faransawa ke kiran su da ita, domestique, ma'anarta ɗan aikin gida. Hadimi ne ke tafiya a gaban madugu yana tare masa iska. Shi ne ke komawa baya wajen motar ƙungiya ya ciko rigarsa da gorunan ruwa ya rarraba wa 'yan uwansa. Idan tayar madugu ta yi faci, hadimi yakan ba shi tasa ƙafar keken, ko ma keken ɗungurungum, ya tsaya jiran mota. Idan madugu ya faɗi, hadimai biyu ko uku sukan dakata su jawo shi har ya komo cikin ayari.

A zangon da ke ƙarewa a fili, aikin ya fi fitowa sarari. Hadimai sukan jeru a gaban gwaninsu na gudun ƙarshe, na farko ya ja da iyakar ƙarfinsa ya kauce, na biyu ya karɓa, har a zo saura kamar mita 200, sannan gwanin ya fito daga inuwa ya taka da gudun da kan haura kilomita 65 a awa. Irin wannan hidima ce aka ɗora wa Girmay a Turin. Ko Mark Cavendish na Birtaniya, wanda a gasar ta 2024 ya kafa tarihin cin zango 35, ya samu galibinsu ne a bayan irin wannan jeri.

Akwai hadiman da za su shekara goma suna wannan sana'a ba su ci tsere ko ɗaya ba, amma ƙungiyoyi na rububin su. Masu wasan sun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa al'adarsu ta ginu a kan cewa kuɗin kyautar da aka ci, har da Yuro 500,000 da ake ba zakaran Tour de France, a tara su a raba tsakanin mahaya da ma'aikatan ƙungiya.

Wuri biyu ne kawai inuwar ayari ke raguwa. Na farko shi ne hawan dutse. A kan tsaunukan Alps da Pyrenees gudu yakan sauko ƙasa da kilomita 25 a awa, iska ta rage tasiri, nauyin jiki ya zama shi ne matsala. Shi ya sa gwanayen hawan dutse sirara ne, gwanayen gudun ƙarshe kuma ƙarfafa masu kauri. Na biyu shi ne tseren agogo, inda ake sakin mahaya ɗaya bayan ɗaya, kuma doka ta hana kowa fakewa a bayan wani. Ko a nan iska ce alƙali. A 1989, Greg LeMond na Amurka ya shiga zangon ƙarshe, tseren agogo na kilomita 24.5 daga Versailles zuwa Paris, Laurent Fignon na Faransa yana gabansa da daƙiƙa 50. LeMond ya ɗaura wa kan kekensa wasu sanduna da suka ba shi damar miƙa hannuwa gaba ya takure jikinsa, ya sa hular kwano mai tsini ta baya, Fignon kuwa ya fito kai babu hula. LeMond ya cinye gasar da tazarar daƙiƙa takwas, bayan tafiyar da ta haura kilomita 3,200. Har yau ba a taɓa samun tazara mafi ƙanƙanta daga wannan ba a gasar maza.

Zanguna da riguna

Tseren titi iri biyu ne. Akwai na yini ɗaya, irin su Paris-Roubaix da ake bi ta tsofaffin hanyoyin da aka daɓe da duwatsu, inda wanda ya fara isa shi ne ya ci. Akwai kuma na zango-zango. Tour de France a yanzu zango 21 ce a cikin kwana 23, da hutun kwana biyu, kuma nisanta yakan kama daga kilomita 3,300 zuwa 3,500. Kowace rana ana rubuta lokacin da kowane mahayi ya ɗauka, a ƙarshe a tara. Wanda jimillar lokacinsa ta fi ta kowa ƙaranci shi ne zakara, ko da bai ci zango ko ɗaya ba, kamar yadda ya faru da Chris Froome a 2017. Duk waɗanda suka iso a dunƙule ana ba su lokaci ɗaya, wanda kuma ya makara fiye da ƙa'idar da aka yanka a ranar an sallame shi daga gasar.

Riguna huɗu ne ke nuna wa mai kallo inda aka kwana. Rawaya, wadda aka fara sawa a 1919, ta wanda ke kan gaba ce a jimillar lokaci. Koriya, tun 1953, ta wanda ya fi tara maki ce a layukan ƙarshe da wasu wurare da aka keɓe a tsakiyar hanya. Fara mai ɗige-ɗigen ja ta gwanin hawan dutse ce, fara sol kuma ta matashin da ya fi takwarorinsa 'yan ƙasa da shekara 26. Mutum huɗu ne suka taɓa lashe gasar sau biyar-biyar: Jacques Anquetil da Bernard Hinault na Faransa, Eddy Merckx na Beljiyam, da Miguel Indurain na Sifaniya. A wannan zamani Tadej Pogačar na Sulobeniya ya ci a 2020 da 2021 da 2024 da 2025, Jonas Vingegaard na Denmak ya ci a 2022 da 2023. Mata ma suna da tasu gasar, Tour de France Femmes, wadda aka fara a 2022.

Wasan yana da tabonsa. Wahalar da ke cikinsa ta daɗe tana jan wasu zuwa shan ƙwayoyin ƙara kuzari. A 1967 Tom Simpson na Birtaniya ya faɗi ya mutu a kan dutsen Ventoux cikin tsananin zafi, aka kuma samu irin waɗannan ƙwayoyi a jikinsa. A 2012 aka ƙwace kofuna bakwai da Lance Armstrong na Amurka ya ci a jere, bayan an tabbatar da maguɗinsa. Haɗarin faɗuwa ma yana nan. Sai a 2003, bayan rasuwar Andrei Kivilev na Kazakistan a gasar Paris-Nice, UCI ta wajabta wa ƙwararru sa hular kwano.

Afirka a cikin ayari

Girmay bai faɗo daga sama ba. Turawan mulkin mallaka na Italiya ne suka kai keke Eritiriya a ƙarshen ƙarni na 19, mutanen ƙasar suka karɓe shi hannu bibbiyu har ya zama wasan da suka fi so. An yi gasar zagaya ƙasar tun 1946. Asmara tana kan tudu mai tsayin sama da mita 2,300, saboda haka yaron da ya tashi yana tuƙi a can jininsa ya saba da ƙarancin iskar shaƙa. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, akwai kulob-kulob, akwai tsere a kai a kai a titunan birnin, akwai manya da yaro zai bi bayansu ya koyi zama cikin ayari. A 2015 Daniel Teklehaimanot da Merhawi Kudus suka shiga Tour de France tare da ƙungiyar MTN-Qhubeka ta Afirka ta Kudu, Teklehaimanot ya sa rigar gwanin dutse na 'yan kwanaki. Girmay yana ɗan shekara 15 a lokacin. Bayan shekara uku aka ɗauke shi zuwa cibiyar horo ta UCI a Aigle. A 2019 ya ci zango a gasar La Tropicale Amissa Bongo ta Gabon, a 2022 ya ci Gent-Wevelgem a Beljiyam da kuma zango ɗaya a Giro d'Italia.

A Afirka ta Yamma, Burkina Faso ce gidan wannan wasa. An fara Tour du Faso a 1987, kuma jama'a kan yi dafifi a bakin hanya don kallon ta. A gabas, Ruwanda ta mayar da Tour du Rwanda gasar ƙasa da ƙasa tun 2009, ta yi ta gina ta har UCI ta ba birnin Kigali damar ɗaukar nauyin gasar cin kofin duniya ta tseren titi daga 21 zuwa 28 ga Satumban 2025, karo na farko a nahiyar. A shekarar ce kuma Kim Le Court ta tsibirin Morishus ta sa rawayar riga a gasar mata ta Faransa.

Sai dai Kigali ta nuna sauran tafiyar da ke gaba. Tseren maza ya kai kilomita 267.5, da hawa da jimillarsa ta haura mita 5,000. Mahaya fiye da 160 suka fara, 30 ne suka ƙarasa, Pogačar ya zo na ɗaya, kuma ɗan Afirka ɗaya ne a cikin waɗanda suka kai ƙarshe, Amanuel Ghebreigzabhier na Eritiriya. Dalilan a bayyane suke. Keken ƙwararru, wanda doka ta ce kada nauyinsa ya gaza kilo 6.8, yakan haura Dala 10,000. Manyan ƙungiyoyi da manyan gasanni a Turai suke, kuma samun bizar zama a can babban aiki ne ga matashi ɗan Afirka. Yaro ɗan Beljiyam yakan yi tsere da dama a shekara tun yana ƙarami, takwaransa na Afirka kuwa zai iya shekara bai shiga ayarin mutum 100 ba. Ƙarfin ƙafa ana iya samun sa a ko'ina, amma iya kutsawa a cunkoso da karanta iska sai a cikin taro ake koyon su.

Ina Najeriya ta tsaya?

Keke ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. An yi zamanin da mallakar Rali alama ce ta rufin asiri, malamin makaranta da ma'aikacin En'e ke hawan ta. Har yanzu a ƙauyuka ana ɗora wa keke buhun hatsi a kai kasuwar da ke da nisan kilomita da yawa, ɗalibai kuma na zuwa makaranta a kai. Amma tun da babur ya yawaita, sai aka koma kallon keke a matsayin abin hawan wanda ya rasa.

A fagen gasa, ƙasar tana da hukumar tseren keke, wasan yana cikin Gasar Wasanni ta Ƙasa, kuma akwai zauren tseren keke a filin wasa na Moshood Abiola da ke Abuja, wanda aka gina don wasannin Afirka na 2003. A 2024 Ese Ukpeseraye ta zama ta farko da ta wakilci Najeriya a tseren keke a gasar Olamfik. A Paris, bayan tseren titi, ta samu damar shiga tseren cikin zaure, wanda ke buƙatar keke na daban, kuma tawagar Jamus ce ta ara mata shi. Labarinta ya nuna cewa gwanaye suna nan, abin da ke bayansu ne bai taka kara ya karya ba. Ƙasar da ke da tsaunin Jos da na Mambila ba ta rasa wurin horo ba. Abin da Eritiriya da Burkina Faso da Ruwanda suka fi ta shi ne tsere na kai a kai, da kulob ɗin da yaro zai shiga, da titin da za a rufe masa ya yi gudu ba tare da fargabar mota ba.

Ga mai sha'awar farawa

Ba sai mutum yana neman kofi zai amfana da keke ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar baligi ya motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako, kuma tuƙin rabin awa sau biyar ya cika wannan. Keke yana ƙarfafa zuciya da huhu, yana taimakawa wajen rage ƙiba, kuma ba ya dukan gwiwa kamar gudu a ƙafa, tunda sirdi ne ke ɗauke da nauyin jiki. Mai hawan jini ko ciwon suga ko ciwon zuciya ya fara tuntuɓar likitansa.

Ba dole ne a fara da keke mai tsada ba. Na hannu mai lafiya, mai giya da birki mai kamawa, ya wadatar, muddin girmansa ya dace da tsayin mai shi. A daidaita sirdi ta yadda idan feda ta kai ƙasa gwiwa za ta ɗan lanƙwasa kaɗan. Sirdin da ya yi ƙasa da yawa shi ne sanadin ciwon gwiwar da sababbin mahaya ke kuka da shi. Kuskure na biyu shi ne sa giya mai nauyi ana dannawa da ƙyar. Ƙwararru sukan zaɓi giya mai sauƙi su juya feda sau 80 zuwa 90 a minti, domin hakan ya fi jinkirta gajiya. A fara da kilomita biyar ko goma, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan kowane mako.

A yanayinmu, bayan sallar asuba zuwa hantsi shi ne lokacin da ya fi, kafin rana ta yi zafi kuma kafin titi ya cika. A riƙe ruwa, a riƙa kurɓa tun kafin ƙishirwa ta zo. A tafi da famfo da kayan faci. A guji tufafi masu yalwa da sarƙa za ta iya kamawa, a sa masu haske da direba zai hango daga nesa, a kuma ɗaura fitila gaba da baya idan da sauran duhu. Hular kwano kuwa kada a fita babu ita, ko da tafiyar gajera ce.

Babban haɗarin mai keke a Najeriya shi ne mota, domin yawancin titunanmu ba su da layin kekuna. Ko marigayi Ojo Maduekwe, Ministan Sufuri da ya yi ta kiran jama'a su rungumi keke a 2001, sai da wata bas ta ture shi a Abuja. Saboda haka a bi hannun da motoci ke bi, kada a fuskance su, a nuna alama da hannu kafin a karya kwana, a yi nesa da manyan motoci, musamman ta gefen da direba ba ya gani.

A nan ma darasin ayari yana aiki. Direba ya fi saurin ganin mahaya goma fiye da ɗaya, kuma idan taya ta yi faci ko wani ya faɗi, akwai mai taimako. Tafiya cikin rukuni tana da ladubbanta: kada a taka birki kwatsam, kada tayar gaba ta shiga gefen tayar bayan wanda ake bi, na gaba ya nuna wa na baya rami da hannu, kuma kowa ya karɓi nasa rabon na tare iska. Irin waɗannan ƙananan rukunoni na safiyar Asabar su ne tushen da kulob ke tsirowa daga gare shi. Idan suka yawaita a Kano da Kaduna da Jos da Sakkwato, kuma hukumomi suka yarda su riƙa rufe musu titi ɗaya na 'yan awanni don tsere, yaron da ke kai buhun masara kasuwa a kan tsohon keke zai samu wurin da za a gane irin ƙafar da Allah Ya ba shi.